Amsoshin Tambayoyinku: Ko Hoton Ƙwaƙwalwa Na Faransa Zai Amfani Baba?

Wasiƙar wannan makon daga Lome ta zo, daga unguwar Agbalépédo, wani matashi ɗan Zongo ne ya rubuto ta. Ya ce mahaifinsu yana da shekara 78, tsohon ɗan kasuwar goro ne wanda a zamaninsa yake riƙe bashin mutum hamsin a ka ba tare da takarda ba. Shekara uku ke nan da mantuwa ta fara masa. Da farko sunayen jikoki ne, daga baya ya koma tambayar abu ɗaya sau biyar kafin azahar, sannan ya fara rikicewa a raka'o'in salla. Kwanan baya ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai wani ɗan zemijan da ya san shi ne ya dawo da shi. Yana kuma da hawan jini tun da daɗewa. Yayansu da ke Faransa ya ce akwai wani hoton ƙwaƙwalwa da ake yi a can, mai nuna wani abu da ake kira amiloyid, don haka a haɗa kuɗi a kai Baba. Tambayar mai wasiƙar ita ce: hoton nan yana da amfani da gaske? Ta yaya ma likitoci suke auna amfaninsa? Kuma ya kai a sayar da fili dominsa?

Ɗana, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyarsa. Na ji daɗin tambayar nan, musamman ta tsakiyar, domin ita ce wadda manyan likitocin Amurka da Turai suka shafe fiye da shekara goma suna kashe kuɗi a kanta. Gyara zama, za mu bi ta sannu a hankali.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa suna ne na alamu, kamar yadda zazzaɓi yake suna na alama. Zazzaɓi yana iya zama na cizon sauro, yana iya zama taifot. Haka gigin tsufa: cututtuka da dama ne suke kawo shi. Mafi yawa a cikinsu ita ce cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai wanda toshewa ko fashewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke jawowa, wanda shi ne abokin tafiyar hawan jini da ciwon sukari. Akwai wasu nau'o'in kuma, sau da yawa ma biyu ne suke haɗuwa a kai ɗaya. A nan zan ɗan gyara wata fahimta da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Manta inda aka ajiye carbi tsufa ne. Ɓata a hanyar da mutum ya shekara arba'in yana bi kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kai wa asibiti, kuma ba ya buƙatar a nemi wanda ya yi sammu kafin a fahimce shi.

Shi amiloyid wani nau'in furotin ne, wato irin sinadaran da jiki ke ginuwa da su. Kowa yana da shi, ƙwaƙwalwa tana yin sa tana kuma share shi. A cutar Alzheimer sharar ce take gazawa, sai ya taru ya yi gudaji a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar gudajin kunun da ba a dama da kyau ba. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana waɗannan gudaji a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mara lafiyarsa da ta rasu, Auguste Deter. Daga nan har kusan shekara ɗari, hanyar ganin su da ido ita ce bayan mutuwa. Likita yana iya cewa yana kyautata zaton Alzheimer ce, tabbaci kuwa sai an buɗe kai.

Abin ya canza ne da wasu masana biyu na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, William Klunk da Chester Mathis, suka haɗa wani sinadari mai manne wa amiloyid. An fara gwada shi a jikin mutane a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 2002, aka wallafa sakamakon a 2004. Daga 2012 zuwa 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa guda uku don aikin asibiti: Amyvid, Vizamyl da Neuraceq. Ana yi wa mutum allurar sinadarin ta jijiya, a jira kamar sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, sannan ya kwanta a cikin na'urar da ake kira PET, wadda a asibitocin Faransanci za ka ji ana cewa TEP. Sinadarin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, na'urar ce take kama shi. Inda gudajin suke, wurin zai haska. Ka lura, hoto ne kawai, ba ya cire komai daga kai.

Akwai dalilin da ya sa ba a samun wannan hoto a kowane gari. Sinadarin kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla: daga lokacin da aka haɗa shi yake narkewa. Kowane minti 110 rabin ƙarfinsa yana tafiya. Da za a saka shi a motar da ta tashi daga tashar Agbalépédo, kafin ta isa Kara abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Saboda haka dole injin da ke haɗa shi ya kasance kusa da asibitin, kuma injin kansa dukiya ne. A Amurka hoto ɗaya yana cin dubban daloli.

Yanzu ga zuciyar tambayarka: da wane mudu ake auna amfanin hoto? A 1991 wasu masana biyu, Dennis Fryback da John Thornbury, suka tsara abin kamar matakala. Hoto yana iya hawa matakin farko ya tsaya a nan, bai kai na sama ba. Mu bi hoton amiloyid mu ga inda ya kai.

Tambayar matakin ƙasa ita ce ko abin da yake nunawa gaskiya ne. An gwada wannan ta hanya mai taɓa zuciya. Wasu marasa lafiya da suka san ajalinsu ya kusa suka yarda a yi musu hoton, suka kuma ba da izinin a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu. A binciken da aka wallafa a 2012 kan mutum 59, hoton ya gano kashi 92 cikin 100 na masu gudajin, kuma bai laƙaba wa ko mutum ɗaya daga cikin marasa gudajin abin da ba shi da shi ba. Wannan mataki ya hau shi lafiya lau.

Sai dai ganin gudaji daban, sanin abin da ya hana Baba gane hanya daban. Kai mazaunin Lome ne, ka san abin da iskar teku take yi wa ƙarfe. Tsohuwar mota a garinku da wuya ka duba ƙarƙashinta ba ka ga tsatsa ba. In ta ƙi tashi da safe, bakanike ya leƙa ya ce ya ga tsatsa, bai faɗa maka dalilin ƙin tashin ba tukuna, domin ta kusa da ita ma tana da tsatsar kuma tana tafiya. Haka amiloyid yake da shekaru. Wani babban bincike na 2015 da ya tattara bayanan dubban mutane ya nuna cewa a cikin masu cikakken hankali, kusan kashi 10 cikin 100 suna da shi a shekara 50, kusan ɗaya cikin uku a shekara 80, kashi 44 kuma a shekara 90. Ke nan in aka ɗebi sa'o'in Baba guda uku masu garau da hankalinsu, ba mamaki ɗaya ya haska. Shi ya sa likitoci suke cewa hoton da ya fito ba komai ya fi ƙarfin magana. In babu amiloyid, da wuya ƙwarai a ce Alzheimer ce, sai a juya a nemi wani dalili. In akwai shi a kan ɗan shekara 78, ya ƙara nauyin zato, amma bai kore hawan jini daga cikin masu laifi ba. A kan ɗan shekara 55 kuwa, haskawar hoton magana ce babba.

Mataki na gaba: hoton yana canza tunanin likita da abin da yake yi? Nan ne aka yi manyan bincike biyu. Na farko shi ne IDEAS a Amurka, ƙarƙashin Dakta Gil Rabinovici na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, aka wallafa shi a 2019. An bi mutum 11,409 waɗanda ƙwararru suka duba amma ba su tabbatar da dalilin ciwonsu ba. Kafin hoton, kowane likita ya rubuta abin da yake zato da abin da zai yi. Bayan wata uku aka koma aka duba. A kusan kashi 60 cikin 100, an canza wani abu: an fara magani, ko an daina wani, ko an sauya shawarar da aka ba iyali. Mutum ɗaya cikin huɗu an janye masa sunan Alzheimer da aka sa masa a da, kusan ɗaya cikin goma kuma an sa masa sunan bayan a da an ce ba ita ba ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya nuna cewa ko ƙwararre yana kuskure a wannan fanni fiye da yadda yake tsammani.

Na biyu shi ne AMYPAD a Turai, wanda ya fito a 2023. Shi ya fi tsauri, domin ƙuri'a aka jefa tsakanin mutum 840 a asibitocin mantuwa takwas: wasu a yi musu hoton nan da nan, wasu sai bayan wata takwas. Bayan wata uku, kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa da wuri likitocinsu sun kai ga tabbaci mai ƙarfi kan ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 11 ne kacal.

To, likita ya samu natsuwa. Mara lafiyar fa? Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci a wurina, kuma a nan ne hoton ya yi ɗingishi. Masu IDEAS sun sa wa kansu ma'auni tun kafin su fara: in hoton yana da amfani ga lafiya, ya kamata kwanciya asibiti ta ragu da kashi 10 cikin 100 a shekara. Da aka ƙirga, kashi 24 na waɗanda aka yi wa hoton sun kwanta asibiti, waɗanda ba a yi wa ba kashi 25 da ɗan ɗoriya. Raguwar ba ta kai rabin abin da aka nema ba, zuwa sashen gaggawa kuwa bai canza ba. Na girmama su da suka fito suka faɗi haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a shekarun da aka yi binciken babu maganin da ke taɓa amiloyid ɗin kansa. Sanin sunan ciwo yana kai ka ga sauƙi ne in akwai abin da za a yi da sanin.

Ba zan ce kwanciya asibiti ce kaɗai mudun awo ba. Iyalin da suka san abin da ke damun tsohonsu suna daina zargin juna, suna daina yawon neman magani gari-gari, suna gyara maganar dukiya da wasiyya tun mai ita yana iya cewa e ko a'a. Wannan amfani ne na gaske wanda alƙaluma ba sa kamawa da kyau. Amma mafi yawansa likitan ƙwaƙwalwa mai haƙuri yana iya ba ku shi a Lome ba tare da jirgi ba.

Lissafin ya ɗan sauya daga 2023, kuma ina jin abin da yayanka ya ji ke nan. A shekarar Amurka ta amince da lecanemab, a 2024 kuma da donanemab, magunguna ne masu share amiloyid daga ƙwaƙwalwa. Ba a ba mutum su sai an tabbatar yana da gudajin, don haka hoton ya zama ƙofar shiga. Amma ka ji iyakarsu. A gwajin lecanemab kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, maganin ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100. Ciwon ya ci gaba, tafiyarsa ce ta ragu, kuma abin da ya riga ya tafi bai dawo ba. A gwajin, ƙarin ruwa aka riƙa yi duk mako biyu, ana kuma maimaita hoton MRI, wanda kuke kira IRM, domin maganin yana iya kawo kumburi ko ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, wajen sefa miliyan 15, ban da kuɗin asibiti. Kuma na masu farkon ciwo ne kawai. Mutumin da ya shekara uku har ya fara ɓata a unguwarsu, akwai yiwuwar ya wuce wannan gaɓa, ko da yake likitan da ya gwada shi ne zai yanke.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A cikin waɗanda IDEAS ya bincika, baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma a cikinsu an fi samun masu gigin tsufa da hotonsu ya fito ba amiloyid in aka kwatanta da Turawa. Masu binciken suna kyautata zaton cewa ciwon jijiyoyin jini yana da hannu a ciki. A nan yankinmu ma an yi aiki mai daraja: binciken Ibadan da Indianapolis, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Dakta Hugh Hendrie suka kafa a farkon shekarun 1990, Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da shi. A 2001 suka ba da rahoton cewa tsofaffin Yarabawa a Ibadan suna kamuwa da gigin tsufa ƙasa da rabin yadda baƙaƙen Amurka na Indianapolis suke kamuwa. Wannan ya nuna mana cewa abinci da yanayin zama da lafiyar jijiyoyin jini suna da ta cewa, kuma alƙaluman wata ƙasa ba a ɗauko su a ɗora wa wata kai tsaye.

Su kansu masu hoton sun rubuta ƙa'ida tun 2013 kan wanda ya dace a yi wa. Ya dace da wanda ciwon ya kama tun bai kai 65 ba, da wanda alamunsa suka zo a baibai har ƙwararre ya rasa inda zai sa su, da mai ƙaramar mantuwa da ta ƙi tafiya aka rasa dalilinta. Bai dace da mai lafiya da tsoro kawai ya kama shi don mahaifinsa ya yi ciwon ba, kuma ba a auna nisan ciwo da shi, domin gudajin suna taruwa shekaru da yawa kafin mantuwa ta bayyana. Wannan na faɗa ne har da kai da 'yan'uwanka, kada wani ya ce ku ma ku je a duba ku.

Ga ra'ayina a fili, ɗana: kada ku sayar da filin. Ku fara da abin da ke kusa. Asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin da na Campus duka suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ku nemi a duba jininsa: sukari, aikin ƙoda, bitamin B12, sinadarin maƙoshi, da cututtuka irin su tunjere da ƙanjamau, waɗanda ake gwada kowa don suna iya taɓa ƙwaƙwalwa, ba don zargi ba. Ku nemi sikana ko IRM na kai. Wannan hoton na gida yana nuna abubuwan da na amiloyid ba ya nunawa: tabon ƙananan shanyewar jiki da suka wuce ba a lura ba, jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan tsoho ya faɗi a banɗaki, ruwa da ya yi yawa a ƙwaƙwalwa, ko ƙari. Wasu daga cikin waɗannan ana yi musu aiki mutum ya dawo hayyacinsa. A duba jinsa da ganinsa, domin tsohon da ba ya ji sosai yakan yi kama da mai ruɗewa. A duba ko baƙin ciki ne ya danne shi, musamman in ya yi rashin wani na kusa. In likita ya ga Alzheimer ce, akwai tsofaffin ƙwayoyi irin su donepezil da suke ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, kuma ba a sharɗanta hoton amiloyid kafin a ba da su. Hawan jinin nan kuwa a riƙe shi da hannu biyu, shi ne abin da kuke da iko a kansa yau.

Ka kuma tuna cewa tafiya kanta tana da farashi a jikin mai wannan ciwo. Abin da ke riƙe da Baba yanzu shi ne sabo: kiran sallar masallacinsu, muryar Hajiyarsa, kujerarsa ta ƙofar gida. In aka ɗauke shi zuwa ƙasar sanyi da baƙin fuskoki, ruɗewar takan ƙaru. In bayan duk gwaje-gwajen gida likitan ya ce abin ya ɗaure masa kai, ko ya ga Baba yana farkon ciwo kuma kuna da halin ɗaukar sabon maganin har ƙarshe, a nan maganar yayanka ta samu wurin zama. Ko a lokacin ma ku tambaya game da wasu hanyoyin: ana gano amiloyid ta ruwan ƙashin baya, kuma a watan Mayun 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko don taimaka wa gano cutar. Jini ana iya aika shi a jirgi, Baba yana zaune a gida.

Kafin ranar ganin likita, ka sami ƙaramin littafi ka yi mako biyu kana rubuta abin da ka gani: me ya manta, da wane lokaci, ya yake barci, ya taɓa faɗuwa, yana ganin abin da babu, tafiyarsa ta canza ko fitsari yana kufce masa. Ka tuna ko ciwon a hankali ya riƙa gangarowa, ko kuwa faɗowa yake yi mataki-mataki, yau lafiya gobe ya yi ƙasa, domin wannan bambanci yana gaya wa likita abu mai yawa. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na barci, ku tafi da su. Wanda ya fi zama da shi ya raka ku, ko da Hajiya ce, a kuma roƙi a yi masa gwajin tunani da Hausa, domin tambaya da Faransanci tana iya kayar da tsohon da allo ya yi. Tun yau kuma a saka masa takarda a aljihun riga mai ɗauke da sunansa da lambar wayarka, a sanar da liman da masu shagunan layinku halin da ake ciki. In kun dawo daga asibitin ka sake rubuto mini abin da aka ce, mu duba shi tare. Ka gaishe mini da Baba da Hajiya.